FARIN ZANI A KAN TUDU

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Zulmira ina ci gaban?", to ga shi. Shirun da kuka ji, wannan shafin ne sai in fara in goge. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa ba a ɗaga wa uba murya ko me ya yi, karanta ki kai ƙarshe tukuna, sai ki dawo mu yi ta.

Mun tsaya ina tsakiyar teku, jirgina na roba cike da baƙi.

Baƙin nan daga ƙaton jirgin yawon buɗe ido suka sauko da safe, irin wanda in an ɗaure shi a tashar garinmu Horta sai ya tare mana rabin dutsen Pico. Yini ɗaya gare su a tsibirinmu. Kafin faɗuwar rana jirginsu zai tashi, kuma ba ya jiran uban kowa. Senhor Baltazar, mai kamfanin da nake wa tuƙi, ya raba su biyu. Wasu ya zuba a bas su zaga tsibiri, wasu ya zubo mana mu kai su kallon baleya, ƙatuwar dabbar nan ta teku mai feshin ruwa.

Baleya ta fi bas girma, amma a teku allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Daga cikin jirgi ba ka ganin komai. Idonka yana can kan tudu, a ɗakin hange, inda mutum ke zaune da madubin hangen nesa yana jiran feshin numfashinta, ya gaya maka ta oba-oba inda za ka nufa.

Mai hangenmu ubana ne, Ti Serafim. Tun ana bin baleya da mashi yake kan wannan kujerar, kuma a duk tsibirinmu na Faial ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce masa ka yi kuskure.

Oba-oba ta yi ƙara.

"Zulmira."

"Ina jinku, Baba."

"Gabas. Ki nufi wajen Pico. Uku ne, har da ɗa."

Na murɗa inji muka miƙa. Muka yi ta gudu, muka yi ta gudu. Ruwa a gaba, ruwa a baya, ko tsuntsu babu. Wata mata ta fara amai a cikin jakarta. Wani mai jan wuya da hular kaba ya taɓo ni yana nuna agogo, wai ƙarfe nawa baleyar take fitowa.

"Bari in kira ta in tambaya," na ce masa.

Ya gyaɗa kai yana jira.

"Baba, ba komai nan fa."

"Ci gaba."

"Baba na wuce inda kuka ce."

"Na ce ki ci gaba! Ni ne a sama ko ke?"

Ku sani layin nan ba na sirri ba ne. Masunta na ji, ma'aikatan tasha na ji, matan gari ma a kicin suke kunna shi suna yankan albasa. Surukata Dona Albertina kuwa, tun ranar da teku ya cinye ɗanta Nélio, mijina, ba ta kashe oba-obarsa ba. Tana nan kan teburinta kusa da hotonsa, dare da rana.

Shi ya sa da Tibério ya shigo layi na ji kamar in nutse. Direban ɗaya kamfanin ne, bakinsa ya fi injinsa gudu.

"Zulmira, in Lisbon za ki ki gaida min ƙanwata."

"Tibério, rufe min baki kafin in zo in rufe maka shi da igiya."

Na juya na kalli tudu don haushi, kamar harara za ta kai can. A nan na gan shi.

Farin zani.

Shimfiɗe a kan ciyawa, yamma da ɗakin hange, fari fat a cikin kore.

Kafin oba-oba ta zo tsibirin nan, da zanin gado ake yi wa masu farauta magana. Mai hange ya hango, mata su ruga su shimfiɗa zani a gefen da baleya take, maza a teku su karanta. Kakata ce ta koya min ina yarinya, da tsummokaran kicin muke wasan. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin an shimfiɗa na gaske ba.

Murya ta ce gabas. Zani ya ce yamma.

Direba ba ya ƙetare maganar mai hange, wannan ko jariri a Horta ya sani. Amma gani ya kori ji. Na karya kan jirgi da ƙarfi har mai jan wuya ya zauna a cinyar matarsa, na ba Pico baya na miƙa yamma.

Na jira tsawa. Na san Baba, ko taku ɗaya ka kauce sai ya zage ka har kakanka na Pico. Na riƙe oba-oba ina jiran ta fashe.

Muka yi nisa. Sai ga muryarsa a natse.

"Yawwa 'yata. Haka. Ina ganinki, kin kusa, kada ki karkace."

Tsikar jikina ta tashi.

Tibério ne ya fara magana, kuma wannan karon ba dariya a bakinsa.

"Ti Serafim... wace Zulmirar kake gani? Taka ta yi yamma tun ɗazu."

Kowa a layi ya ji. Gari guda ya kasa kunne.

Baleyar kuwa tana can inda zani ya ce. Biyu ne, kwance a saman ruwa suna feshi a karkace, ɗaya ta ɗaga jela sama ta nutse a hankali, ruwa na zuba daga gefenta. Baƙi suka ɓarke da ihu. Mai aman ta manta da amanta tana kuka tana ɗaukar hoto, mai jan wuya ya rungume ni wai ashe da gaske na kira ta. Ni kuwa ko murmushi na kasa, idona na kan tudu.

A bakin tasha Senhor Baltazar na tsaye yana jirana, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ya bari baƙin suka wuce yana musu murmushin kasuwa, sannan ya juyo.

"Me kuka yi min yau, ke da ubanki?"

"Na kai su, sun gani, na dawo da su. Me kuma?"

"A kan layi, Zulmira! Gaban kowa! Ni kuma ina tsaye a bayansa da bas guda na baƙi, ina ce musu ga idon tsibiri, ga mutumin da bai taɓa kuskure ba!"

"Bas kuma? A ɗakin hange?"

"Sabon tsari ne. Masu yawon tsibiri su tsaya su ga mai hange yana aiki, su yi hoto."

"Ka gaya masa za ku zo?"

"In gaya masa me? Kallo ne zai yi kamar kullum. Dona Deolinda ce ma na roƙa ta fito waje ta raba musu burodi mai zaƙi, ɗakin ba ya ɗaukar mutane."

Deolinda uwata ce. Kullum da safe tare suke hawa tudu da Baba, ita da kwandon abinci da zaren saƙa, sai yamma su sauko. Mutanen gari na tsokanarsu wai tsofaffin da amarci bai sake su ba. Ban san dalili ba, amma da ya ce ya fitar da ita waje sai na ji wani abu ya soke ni.

"Saurara," Baltazar ya ɗaga min yatsa. "Abu biyu ne. Ko dai ke kika raina mai hange, kin kuma san direban da ya yi haka ba ya ƙara taɓa min jirgi. Ko kuma tsoho ya gama, in sauke shi in ɗora wani. Kafin in rufe ofis zan kira ki a layi, kowa ya ji amsa kamar yadda kowa ya ji abin kunyar."

"Ubana ne fa kake magana a kai."

"Rayukan mutane nake zubawa a jirgi, ba buhun dankali ba."

Ban ko cire rigar ruwa ba na hau mota.

Ƙofar ɗakin hange a buɗe take. Ɗan ɗaki ne, siririyar taga doguwa tana kallon teku, madubi a kafe kan katako. Baba na zaune kan kujerarsa, hula a gwiwa. Na tsaya a bakin ƙofa, hasken yamma a kaina, ban yi magana ba.

Ya juyo ya dube ni sosai, ido cikin ido.

"Deolinda, kin kwashe zanin? Na ce ki kwashe shi kafin yarinyar nan ta hawo."

"Ba Deolinda ba ce."

Ya zabura. Sai kuma ya haɗe rai, ya mayar da hula kai.

"Au, ke ce? Marar kunya! Kin zo ki ƙarasa abin da kika fara?"

"Baba me na fara?"

"Kin tozarta ni! Na ce gabas kin yi yamma, ɗan iskan yaron nan Tibério, da ubansa ma ni na koya masa bambanta feshi da kumfa, yau shi ke gyara min magana a layi!"

"Babu komai a gabas."

"Sun nutse ne! Da kin yi haƙuri da sun fito. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba."

"To. Kun ce kuna ganina."

"Ina ganinki mana."

"Ina yamma kuna cewa kada in karkace."

"Jirgin Tibério na ɗauka naki ne. Rana ta haske min gilashi. Laifi ne?"

"Jirgin Tibério ja ne. Nawa baƙi."

"Za ki koya min aikina ne? Kafin a haifi uwarki..."

"Baba."

"Kada ki katse ni!"

Na tako ciki na tsaya jikin taga. Ƙaton jirgin baƙin ya riga ya bar tasha, yana tafe a hankali ta ƙasan tudu, fari, bene kan bene, ya cika rabin tagar. Ko akuya aka ɗaure a nan za ta gan shi.

"Jirgin baƙin nan, ya tashi ko yana tasha?"

"Wace irin tambayar banza ce wannan?"

"Ku duba ku gaya min."

Ya ja tsaki. Ya sa ido a madubi, ya juya shi hagu, ya juya dama, yadda na saba ganinsa tun ina goye. Ya ɗan jima.

"Yana ɗaure. Ba su kwance igiya ba tukuna."

Bai rufe baki ba jirgin ya busa ƙaho a ƙarƙashinmu. Sai da gilashin taga ya girgiza.

Baba bai ɗago daga madubin ba.

Ni da nake zaton tausayi zai kama ni, sai na ji wuta ta taso min tun daga ciki. A gidanmu ba a ce wa uba "kai", "ku" ake cewa, haka aka tarbiyyantar da mu. Ranar bakina ya manta.

"Ba ka gani."

"Zulmira..."

"Ba ka gani! Kana zaune a nan kana aika ni tsakiyar teku da 'ya'yan mutane, ba ka ganin ko tafin hannunka!"

"Ina ganin haske. Ina ganin inuwa."

"Inuwa! Da inuwa ake tuƙa jirgi?"

"Rage murya, don girman Allah."

Mama ce a bakin ƙofa. Ta rungumo zanin a ƙirji, duk ya yi koren ciyawa da kashin shanu. Na gane shi, zanin gadonsu ne mai saƙa a baki, wanda ba ta fitarwa sai ranar idin Ruhu Mai Tsarki.

"Ke kika shimfiɗa."

"Ni ce."

"Da wane madubin kika gani?"

"Da idona. Ina miƙa wa wata Baturiya burodi na hango feshi ta kan kafaɗarta. Na ji shi a ciki yana cewa gabas. Na ajiye faranti na ruga gida."

"To shi me ya sa ya ce gabas?"

Baba ya ɗago a fusace.

"Me kike so in ce? Sun cika min ɗaki, suna numfashi a wuyana, Baltazar na cewa Ti Serafim nuna musu, nuna musu! In ce jira matata ta dawo? Jiya a gabas suke. Na ce ko suna nan."

"Caca ka yi da ni ke nan."

"Ubanki ne," Mama ta ce.

"Ke ma ai ban zo kanki ba! Saƙa! Kullum saƙa! Shekara da shekaru kina hawa tudu da zare, ko safa ɗaya ban taɓa gani kin gama ba, ni kuma shashasha ban taɓa tambaya ba!"

Ta zauna a kan ɗan benci, ta ɗora zanin a cinya.

"Ni ke kan madubi, shi ke kan oba-oba. In na gani in faɗa masa, shi ya faɗa muku. Ba mu taɓa ɓatar da kowa ba. Ke kanki shaida ce, duk baleyar da kika nuna wa baƙi ni na ba ki ita."

"To me ya hana ku faɗa? Me ya hana a ce Deolinda ce mai hange?"

Ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Wa ya taɓa ba mace ɗakin hange a tsibirin nan? Mu namu shimfiɗa zani ne. Ranar da aka ji idonsa ya mutu, Baltazar zai kawo wani yaro daga tsibirin São Miguel, ni da shi duka mu sauka. Shi ya zauna a ƙofar gida ana ce masa sannu makaho, ni in koma wanke tukwane." Ta kalli taga. "Ina son aikin nan, Zulmira. Na fi shi iyawa, shi ma ya sani."

"Ƙarya kike," Baba ya ce, amma ba ƙarfi a muryar.

Ya lalubo gefen kujera ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Saurara, 'yata. In Baltazar ya kira, ki ce ke ce. Ki ce zafin kai ya ɗebe ki, kin yi gaban kanki, Allah ya taimake ki kika dace. Zai yi fushi ya kore ki, bayan kwana biyu wani ya ɗauke ki, kowa ya san hannunki. Ke yarinya ce. Ni in na sauka daga tudun nan, kabari zan wuce."

"In ɗauki laifinka in rasa aikina, da marainiya a hannu?"

"Rufin asiri nake roƙo."

"Ki rufa mana," Mama ta ce. "Daga yau ko Paparoma ne ya zo ba zan bar madubin ba."

Wallahi saura kaɗan in yarda. Uba uba ne, ga shi ya tsufa, ga hular nan da na sani tun ina rarrafe. Na buɗe baki in ce to. Sai wata tambaya ta riga ta fita.

"Tun yaushe?"

Na juya kan Mama.

"Mama, tun yaushe kike gani masa?"

"An jima."

"Bara? Bara waccan?"

"Deolinda, yi shiru," Baba ya ce.

"Tun yaushe!"

"Tun kafin aurenki," ta faɗa a hankali.

Na dafa bango.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san yadda Nélio ya tafi. Da asuba ya fita kamun kifi shi kaɗai a ƙaramin kwalekwalensa, naƙuda ta kama ni bayan fitarsa. Ya bar oba-obarsa a gidan uwarsa, dama haka yake, in na yi masa faɗa sai ya yi dariya ya ce wanda surukinsa ke kan tudu me zai yi da oba-oba. Injinsa ya mutu, iska ta taso ta ja shi zuwa duwatsun Castelo Branco. Ba a ga gawarsa ba. Filafilinsa na tuƙi aka tsinta, da jar rigarsa ɗaure a kai.

Kowane masunci a nan ya san wannan. In ka shiga uku a teku, ka ɗaura riga a filafili ka ɗaga wa ɗakin hange. Akwai ido a can.

"Mama. Ranar da na haifi Benedita, kina ina?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kina ina?"

"Ina wurinki."

"Tun safe har na sauka kina riƙe da hannuna."

"Ke kika aiko a kira ni. Kina kuka kina cewa Mama kada ki tafi. In bar ki?"

"Kada ki kuskura ki ɗora min! Kada ki kuskura! Ni na san abin da kika baro a kan tudu?"

Na juya kan Baba.

"Wa ke kan madubi ranar?"

"Hazo aka yi."

"Wa ke kan madubi?"

"Na ce miki hazo aka yi! Na faɗa wa 'yan sandan ruwa, na faɗa wa Fada a coci, na faɗa wa uwarsa. Hazo ya rufe ƙasan tudu, ba mai iya gani!"

"Daga tagar asibiti ina kallon Pico. Ina naƙuda ina kallonsa tas, har ɗan gajimaren da ke kansa. Da ka ce hazo, na ce zafin ciwo ne ya ruɗa ni. Na ƙaryata idona na gaskata naka!"

"Zulmira..."

"Ya ɗaga maka riga! A ƙarƙashin tagar nan! Yana tsaye a kwalekwale yana ɗaga maka riga, yana cewa yanzu Baba zai gani, yanzu Baba zai turo jirgi. Har yaushe ya yi yana ɗagawa? Har hannunsa ya gaji?"

Mama ta toshe baki da zanin.

"Da ka ce a layi, jama'a yau ba ido a tudu, kowa ya kula da kansa, da wani ya hawo ya zauna! Kalma ɗaya! Tibério ma da ya hawo!"

"Da sun gane ba na gani," Baba ya ce. "Da kowa ya sani."

"Sai ka zaɓi kujera."

"Ban san zai fita ba tare da..."

"Ka zaɓi kujera! Ka zo jana'izar da ba gawa, ka riƙe hannun Dona Albertina, ka ce mata na duba, Albertina, na duba har idona ya yi ja. Ta sumbaci hannunka! A gabana ta sumbaci hannunka!"

Ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayen ubana ba sai ranar, kuma ku yafe ni, ko ɗigon tausayi ban ji ba. Na tsane shi a lokacin. Na tsani Mama da zaninta. Wai yau don baƙi su ga jelar baleya ta iya rugawa ta shimfiɗa zani, amma shekarun nan duka tana kallona ina kai wa teku furanni ba ta iya buɗe baki ba.

"Na so in gaya miki," ta ce.

"Me ya riƙe ki?"

"Kina jego. Daga baya kuma... kullum sai in ce gobe."

Oba-obar da ke kan katako ta yi ƙara. Mu uku muka daskare.

"Ɗakin hange, ɗakin hange. Baltazar ne. An ce min motar Zulmira na can sama."

Baba ya miƙa hannu yana lalube. Na riga shi ɗauka.

"Zulmira, kina jina? Zan rufe ofis. Wa ya yi kuskure yau, ke ko Ti Serafim?"

Baba ya zamo daga kujera ya durƙusa. Ya lalubo ƙafar wandona ya riƙe.

"'Yata. Don nonon da kika sha. Don Benedita, kada ta tashi ana nuna kakanta."

"Benedita da ba ta san fuskar ubanta ba?"

"Zulmira, ki tuna ni ma zan sauka," Mama ta ce. "Ki tuna wa ya ba ki yamma yau."

"Ina jira," Baltazar ya ce. "Kuma ba ni kaɗai ba, gari duka na kan layi."

Ta taga ina hango jirgin baƙin ya yi nisa, fitilunsa sun fara kamawa. Su sun ga abin da suka zo gani, sun tafi.

Na danna maɓalli.

"Senhor Baltazar, zan ba ka amsa. Amma akwai wadda ta riga ka jira, ita zan fara ba wa."

"Wace ce kuma?"

"Dona Albertina. In kina kusa da oba-obar Nélio, ki danna maɓallin gefe ki yi magana."

Baba ya saki ƙafata.

Sai aka danna daga can, aka saki, aka kuma dannawa, irin na hannun da bai saba ba.

"Ina jinki, 'yata," tsohuwar ta ce. "Lafiya dai? Ti Serafim na nan kusa? Ki gaida min shi."